Goɗiyar da Aka Koya wa Hawa ta Dama

Makon jiya jikokina suka tumɓuke turken da ke tsakar gidanmu. Sun ce za su shafe wurin da siminti don baburansu su daina kwana cikin laka. Ban hana su ba, gida ya zama nasu. Amma da na ga babban cikinsu ya sa diga ya ciro guntun icen kiryar nan da ya girmi ubansa, ya wurga shi gefen murhu, sai na kira shi. Na ce ya ɗauke shi daga nan, ba icen girki ba ne. Ya yi dariya ya ce, "Kaka, ke dai komi naki tarihi na." Na ce to, tunda tarihi ne, bari in faɗe shi tun bakina yana iya motsi.

Ban ga laifinsa ba. Wanda ya buɗe ido ya tarar da babur a ƙofar gida ba zai san cewa a da, nan Alelu, ba ƙarar inji ke fara safiya ba. Haniniya ake fara ji, sai bugun kofato a ƙasa, dabba tana tuna wa mai ita cewa ba ta karya kumallo ba. Sai luguden mata ya ɗauka gida-gida, sai kukan jigo daga fadama idan masu albasa suka fara ban ruwa. Yanzu inji ke ja musu ruwa, warin fetur ya danne warin albasa, kuma in ka zaga garin nan kaf da wuya ka ga kashin doki. Ba na cikin tsofaffin da ke cewa komai na da ya fi. Na ja guga har tafin hannuna ya yi kanta, ba wanda zai ji na zagi famfo. Abin da ke damuna kawai, akwai abubuwan da aka yi da wuya, yanzu ko alamarsu babu.

Daga Sarandosa aka kawo ni gidan nan. Mahaifiyata Bafulatana ce, rabin ƙuruciyata a rugar kawuna na yi ta, don haka ban tashi da tsoron dabba ba. Maigidana kuwa ɗan manomin albasa ne, amma Allah Ya jarabce shi da son doki. Yana da wata goɗiya ja mai farin goshi da ya rena tun tana 'yar duƙushiya. Kafin ya wanke fuskarsa ya wanke tata. Surukina, wanda nake kira Baba, yakan ce, "Ɗan ga da za a bar shi, cikin barga za shi kwana." To ana nan sai labari ya zo daga Jega cewa ana ɗaukar soja, kuma ana neman waɗanda suka iya zama bisa sirdi. Ko shawara bai tsaya yi ba. Ranar tafiya ya hau goɗiyarsa ya ratsa tsakiyar gari a tsaye kan likkafa, yara na ihu a bayansa. Da yamma Baba ya dawo da ita daga Jega, sirdi ba kowa.

Wasiƙunsa da ajami yake rubuta su. Sukan sauka gidan waya na Jega, su kwana a shagon wani mai sayar da gishiri, har a sami ɗan garinmu da ya je kasuwa ya riƙo. Baba ne ke karantawa a zaure da ƙarfi, maƙwabta su taru, ni kuma in raɓe bayan katanga da tsintsiya a hannu ina sharar wurin da na riga na share. Na farkon duk labarin dawakin bariki ne, girmansu da irin abincin da ake ba su, wanda ya ce ya fi na mutanen Alelu. Da yaƙi ya tashi sai muryar wasiƙun ta sauya. Ya ce an bar dawakin a bariki, an zuba su cikin motocin sulke. "Sunanmu dai sojan doki," in ji shi, "amma abin da muka hawa ba shi cin harawa, ba shi sanin mai shi." Ya ba da labarin dajin da mutum ba ya hango ƙarshen sama, da ruwan da ba ya ɗaukewa, da garin rogo da manja da suka ishe shi. Bai taɓa faɗin wanda ya mutu ba, sai dai mu lura an daina ambaton wani aboki. Daga nan sai ya koma kan goɗiya: a ba ta kanwa, kada a ba ta harawar da ta yi fumfuna, a duba kofatonta na baya, kada a ara wa kowa. Ita takan sami rabin takarda. Ni rabona shi ne, "A gaida mutanen gida." Ban ji haushi ba, haka ake yi, ɗan mutunci ba ya ambaton matarsa gaban ubansa. Amma nakan je in tsaya gaban goɗiyar in ce mata, to gimbiya, an gaishe ki.

Yanzu ina ganin matan sojan unguwarmu, in miji bai ɗauki waya ba daga safe zuwa azahar sai a tashi hankalin gida. Ba na yi musu dariya, tsoro tsoro ne. Amma mu labarin da ke zuwa mana tsohon labari ne. Wasiƙar da aka rubuta ana shukar gero sai an yi huɗa take iso mana. In ya ce yana lafiya, abin da muka sani shi ne yana lafiya a lokacin da tawadar ba ta bushe ba. Mun koyi zama da wannan, muna noma muna daka.

Sai wata wasiƙa ta zo da rubutu a karkace. Baba ya fara karantawa da ƙarfi kamar kullum, sai muryarsa ta yi ƙasa, ya sallami maƙwabta. Ya kira ni, abin da bai taɓa yi ba. Na durƙusa bakin zaure na rufe kaina, ya karanta mini. Motarsu ta taka nakiya ta kife, ƙafarsa ta karye, likitoci suna maganar yankewa. Ya ce a je Aliero, garin masu ɗori, a yi masa ɗori daga nan gida. Sannan ya ce, "In sunka yanke ta, ku yahe mini, ba ni dawowa. Na hita Alelu bisa doki, ba ni shiga bisa sanduna yara na kallo na." Na san halin mutumin da na aura. In ya furta abu, ko zai kashe shi sai ya tsaya a kai.

Washegari muka kama hanyar Aliero, Baba bisa jaki ni a ƙasa. A wancan zamani an yarda cewa gwanin ɗori yana iya ɗora wanda ke nesa. Sai ya karya karan dawa da sunan mai karaya, ya yi addu'a, ya haɗa ya ɗaure, a kai gida a ajiye inda ba a taɓawa. Yanzu na ji masu ɗorin har hoton ƙashi suke dubawa a waya kafin su taɓa mutum. Mun sami tsohon mai ɗorin a ƙofar gidansa, masu karaya kwance a rumfa, wurin na ƙamshin man shanu. Ya saurari Baba har ya gama, sannan ya ce, "Wace ƙahwa ta? Dama ko hagu?" Baba ya buɗe takardar ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa. Babu. Mutumin da ya iya faɗin wane kofaton goɗiya za a duba ya manta ya faɗi wace ƙafarsa ce.

Tsohon ya jinjina kai. Ya ce, "Malam, ba ni ɓoye muku. Takardar ga ta daɗe bisa hanya. Abin da likita za shi yi, ya riga ya yi shi. Amma tunda kun taka, ba ku komawa hannu wohi." Ya karya kara, ya tofa, ya ɗaure da tsumma, ya ce ya ɗora ƙafar da Allah Ya sani. Ni ya miƙa wa, ba Baba ba. Ya ce, "Ɗiyata, ki aje. Amma kada ki zamna kina kallon kara." Na kawo shi gida na sa ƙarƙashin gado, kuma gaskiya na kalle shi fiye da yadda aka ce.

Wasiƙar da ta biyo baya gajera ce. Babu maganar ƙafa ko ɗaya. Ya ce an sallame shi daga asibiti, ya sami aikin gadi a wani gari, kada a damu da shi. Ƙarshenta ya ce, "A sayar da goɗiya." Nan muka gane an yanke. Baba ya naɗe takardar, hawaye na bin gemunsa. Ni ban yi kuka ba, fushi ne ya zo mini, irin wanda ke sa kunne zafi. Mutum yana da rai, yana da gida, yana da uba tsoho da ido ke gazawa, ya ce zai ƙare kwanansa bakin ƙofar wani saboda idon yaran Alelu?

Da Baba ya ce ranar kasuwa zai kai ta Jega, na durƙusa na ce, "Baba, a yi mini arziki, kada a sai da ta."

Ya ce, "Mai ita yac ce a sayar. Mi za mu yi da ita? Ke ka hawa?"

Na ce, "Ya ce ba shi shiga gari bisa sanduna. Bai ce ba shi shiga bisa doki ba."

Ya ce, "Ɗiyar ga, ke san abin da ka ce ma mutum mai ƙahwa guda shi hau doki?" Na ce ban sani ba, amma zan sani. Ranar kasuwa dai ta zo ta wuce goɗiya tana turke.

Ga lissafin da na yi. Doki ta hagu ake hawansa, ƙafar hagu ke shiga likkafa ta ɗaga mutum. In ta dama aka yanke masa, zai hau yadda ya saba. In kuwa ta hagu ce, dole ya zagayo ta dama, kuma dokin da bai saba ba ba ya yarda da wannan, zai yi tsalle gefe ya kayar da mutum. Tunda ban san wacce ba ce, sai na shirya wa mafi wuya. Bayan gonar albasarmu akwai wani fili da kargo ya kewaye, ba a hango shi daga hanya. Can nake kai ta da hantsi da sunan kiwo. Na fara da tsayawa ta damanta ina shafa ta ina mata surutu da Fulatanci yadda kawuna ke yi wa shanu. Sai na koma aza mata buhun ƙaiƙayi ta wannan gefen. Ta watsar da shi ba adadi. Da ta haƙura, na mirgino tsohon turmi na kife, na koya mata tsayawa kusa da shi ba motsi. Sannan na hau da kaina.

A nan na gane hawa ba shi ne ƙarshen aikin ba. Mahayi da ƙafa biyu yake yi wa doki magana. Don in ji abin da zai ji, sai na naɗe ƙafata ta hagu na ɗaure ta da gyale a cinya. Da na taɓa ta da ta dama kaɗai, sai ta dinga karkata tana zagaye wuri ɗaya. Na sami tsumagiya na riƙe a hagu, ina taɓa ta da ita daidai inda dunduniya za ta taɓa. Ba ta gane ba da farko. Wata rana ta zabura ta tsallake kargon ta zubar da ni tsakiyar fangalin albasa, ƙafa a ɗaure, baki cike da laka. Ina ƙoƙarin tashi na ga Baba tsaye da fartanya a kafaɗa yana kallona. Kunya ta kusa kashe ni, suruki ya ga matar ɗansa a haka. Ya juya ya tafi. Washegari na tarar da sirdin maigidana da linzaminsa an ajiye bakin ɗakina, an shafe su da mai. Daga zaure na ji muryarsa yana cewa, kamar da bango yake, "Ba a koya ma doki da tsirara baya. Kuma majayin sirdi a ja shi ƙwarai."

Daga ranar ya zama shi ke riƙe mata kai ina hawa. Gari ya sani, don ba abin da ke ɓoyuwa a fadama. Mata a bakin rijiya suka sa mini suna sarkin barga. Wata gwaggon maigidana ta zo takanas ta ce ina zubar musu da mutunci. Na ba ta fura ta sha, na raka ta ƙofa, na koma wurin goɗiyata. Kafin a cire albasar shekarar, tana tsayawa cak a hau ta ta dama, tana tafiya miƙe da ƙafa ɗaya da tsumagiya, tana juyawa duk inda aka so.

Sai na ce wa Baba a rubuta amsa. Ya jiƙa tawada, ya ce in faɗi. Na ce a rubuta: ba a sayar da goɗiya ba. Ta koyi tsayawa a hau ta ta kowane gefe. Duk ranar kasuwa tana tashar Jega da sirdinta daga hantsi zuwa la'asar. Ba wanda zai gan ka a ƙasa. Baba ya ɗaga alƙalami ya ce, "Ba mu ce mishi komi bisa ƙahwar?" Na ce, "Shi bai ce ba, mu ma ba mu cewa." Ya ƙara gaisuwarsa ya naɗe.

Amsa ba ta zo ba. Mu dai muka fara zuwa. Tashar Jega ta lokacin fili ce da 'yan rumfuna, manyan motoci masu bodin katako na shigowa suna sauke mutane su ɗauki albasa da busasshen kifi. Baba yakan zauna gindin wata bishiyar bedi, ni in tsaya riƙe da ragama. Yaƙi ya ƙare, soja suna ta dawowa da akwatunan ƙarfe, ana guɗa ana rungume su. Dillalan dawaki suka dame mu da taya, har wani ya ce, "Baiwar Allah, in ba ta sayarwa ba ta, mi ya kawo ta kasuwa?" Na ce jiran mai ita take. Zafin bazara ya zo ya gasa mu. Damina ta faɗi, hanya ta yi caɓi, Baba ya kwanta da zazzaɓi. Ya ce in bari sai ya warke. Na ce in ranar da muka fasa ita ce ranar da maigidana ya zo fa? Ya leƙo ya ga ba kowa, zai bi motar ya koma, kuma ba za mu sake ganinsa ba. Na ci gaba da zuwa ni kaɗai, ina biye da matan garinmu masu kai kaya. Sau da yawa a hanyar dawowa na yi kuka, ina tsoron ko takardar ma ba ta same shi ba. Amma ranar kasuwa na zagayowa sai in ɗaura sirdi.

Ranar da ya zo, gero ya fara fitar da kai. Wata mota ta tsaya, mutane suka yi ta dirowa har na ɗauka ta ƙare. Sai na hango mutum ɗaya zaune can ciki bisa buhu, ya ja hula ya rufe goshi. Ya rame har sai da na sake dubawa. Goɗiyar ce ta riga ni tabbatarwa, ta ɗaga kai ta yi wani ƙaramin gunji. Ban yi guɗa ba, ban kira shi ba. Na ja ta na kai bayan motar, na jera damanta da bakin katakon, na tsayar da ita. Ya jawo jiki ya iso bakin motar. Ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe take, an soke ta da allura sama da gwiwa.

Ya dubi goɗiyar, ya dubi gefen da na ba shi. Ya ce, "Wa ya gaya miki ta hagu ta?"

Na ce, "Ba kowa. Da ta dama ta, da ban sha laka ba."

Ya sa ƙafarsa a likkafa, ya kama gaban sirdi, ya zauna. Ba ta motsa ba. Na miƙa masa tsumagiya na nuna masa inda zai taɓa. Ya taɓa, ta yi gaba a miƙe. Ya zagaya da ita sau ɗaya cikin tasha ya dawo, ya sunkuya kamar yana duba wani abu a wuyanta, ya daɗe a haka kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago sai ya ce, "An ba ta kanwa kuwa?" Na ce an ba ta.

Na ɗauko sandunansa daga motar, na naɗe su cikin zane na aza a ka kamar itace. Yana gaba ina biye har Alelu. Tun daga bakin gari mutane suka fara fitowa, maza na miƙa hannu sama suna gaishe shi, yana amsawa daga bisa sirdi. Yara suka bi shi da gudu. Baba ya fito da zazzaɓinsa ya dafa ƙofar zaure. Nan goɗiyar ta tsaya, kuma nan na farga duk wannan shirin da na yi ban yi tunanin sauka ba. Zauren ba ya shiga da doki, ga rabin gari tsaye ana kallo. Na matsa kusa na ce a hankali, "Bari in zagaya da kai ta baya, akwai turmi."

Ya dubi jama'ar ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ubansa. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Kwance zanen ga ki miƙo mini sandunana."

Na sauke, na kwance, na miƙa masa. Ya sauko ta dama, ya soka su a hammata, ya gyara hularsa. Mutane suka dare suka ba shi hanya, ya shiga gidan ubansa da ƙafarsa ɗaya.